Namun daji a bangon Birni: littafin aiki

Alhamis, 10 ga Oktoba 2024

Aikin da na sa gaba shi ne hotuna goma sha biyu na namun daji da tsuntsayen ƙasar nan ta Nijar. Kowanne zan shimfiɗa masa shafe, wato hoton wani abu mai kaushi kamar bango ko fata ko ƙyalle, har ya bar kamannin hoton salula ya zama abin da mutum zai so ya rataye a ɗaki. Masu wannan sana'a a Turai da Amurka sayen shafensu suke yi a intanet: tsohuwar takarda, fentin da ya ɓare, ƙarfe mai tsatsa. Na sauke wasu na gwada. Suna da kyau, ba a ja ba, amma balbelar tafkin Gidimuni a kan takardar da ta tsufa a ƙasar sanyi baƙuwa take komawa. Don haka sharaɗina na farko shi ne duk shafen da zai shiga aikin nan a Damagaram za a ɗauko shi.

Kayan aikina ba su da yawa. Tsohuwar kwamfuta ce mai GIMP 2.10 a ciki, wato manhajar gyaran hoto da ake samu kyauta, sai kyamara mai gilashin nesa na milimita 300, sai salula.

Yau da sassafe na zaga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Daminar bana ta yi ɓarna a unguwar. Tsohon masallacin da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe ranar 3 ga Satumba, kuma gidajen ƙasa da dama sun bi shi. Masu gidajen da suka tsira sun fara maganar siminti, ni kuwa ban ga laifinsu ba, wanda bango ya faɗo wa ƴaƴa a kai ba ya tunanin ado. Amma hakan ya sa na hanzarta. Bangon da aka shafe da makuba, wanda ruwa ya zaizaye har tubali ya leƙo, ba zai jira ni ba.

Ɗaukar shafe tana da ƙa'ida. Hasken ya zo ta gefe, lokacin da rana ba ta ɗago ba, don kowane rami da tudu ya yi inuwarsa. Da hantsi ya yi bangon sai ya baje, ba ka ganin komai sai launi. Kyamara ta fuskanci bangon sak, ba a karkace ba, in ba haka ba gefe guda zai fito tangaran ɗayan ya dushe. Kuma kada wani abu da ido zai gane ya shigo, ko ƙusa ko wayar lantarki ko rubutun yara da gawayi.

Asabar, 26 ga Oktoba 2024

Na fara da shamuwa, hoton da na ɗauka a damina tana tsaye a kan sheƙarta. Sararin bayanta fari fat, ba gajimare ba komai, irin hoton da mai kyamara yake ɗauka ya ce bai yi ba. Irinsa ne kuwa shafe ya fi so, domin akwai fili.

Bari in rubuta yadda salon haɗin yake aiki, don ƙanwata ta ce in ta karɓi kwamfutar ba za ta gane komai ba. GIMP ɗina da Faransanci yake, don haka sunayen da ke ciki zan sa. Kowane fiksal, wato ƙaramin ɗigon da ake haɗa hoto da shi, yana da lamba daga 0, baƙi ke nan, zuwa 255, fari. Salon Multiplier yana ninka lambar sama da ta ƙasa ya raba da 255. Ma'ana duk inda shafe yake fari ba ya taɓa hoton, duk inda yake da duhu yana ƙara duhu, kuma ba ya taɓa ƙara haske. Écran akasinsa ne, baƙi ya ɓace, haske ya ƙaru. Superposer yana haɗa biyun: wuri mai duhu ya ƙara duhu, mai haske ya ƙara haske, toka-toka na tsakiya, wajen 128, ya wuce kamar babu shi. Lumière douce ɗan'uwan Superposer ne mai sanyin hali.

Ga farin sarari Multiplier ne magani. Na ɗora bangon makuba, nan take sararin ya ɗauki jan ƙasa da tsage-tsagensa. Sai dai shamuwa baƙa ce a baya da fukafukai, fara a ciki, kuma Multiplier ba ya tausayin baƙi. Gashin fukafukin duk ya dunƙule, ɗan walƙiyar kore da shunayya da ke jikinsa ya tafi, farin cikinta kuma ya yi datti. Nan marufi yake shigowa. Ana ƙara wa shimfiɗar shafe marufi fari, a ɗauki burushi mai laushi a shafa baƙi a inda ba a son shafen ya sauka. Ba na share shi duka daga jikin tsuntsuwar, don in aka yi haka sai ta zama kamar an yanko ta da almakashi an manna. A jiki ina barin kusan kashi 20 cikin 100, a gefen fukafukai fiye da haka, a ido da fuska kuwa ba na barin ko kaɗan. Shuɗin fatar fuskarta da jan da ke kusa da ido su ne shamuwa a lokacin sheƙa da ƙwai, da jan gwiwa da ƙafa. In waɗannan suka ɓace, kowane baƙin tsuntsu ne.

Lahadi, 17 ga Nuwamba 2024

Wuta tana zuwa tana ɗaukewa, batirin kwamfutar kuma ya daina riƙo. Na koma adana aiki bayan kowane mataki. Ina ajiye ainihin fayil a tsarin XCF mai riƙe shimfiɗu duka, JPEG sai a ƙarshe, sau ɗaya, don kowane sabon adanawa yana ci masa inganci. Jan gwada a kan dutsen Birni ya kammala. Bai ba ni wahala ba.

Alhamis, 12 ga Disamba 2024

Majema. Na daɗe ina son fata, domin ƙwayar fatar akuya tana da tsari da bango ba shi da shi, ƙananan ɗigo masu bin juna. Na tarar da wani dattijo yana juya fatu a ruwan bagaruwa, na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni.

“Hoton fatar kawai kake so, yaro? Ba tare da mu ba?”

“Ita kaɗai, Baba.”

“To Allah Ya kyauta. Masu zuwa da kyamara mu suke ɗauka, su toshe hanci, su tafi.”

Ya sa aka shimfiɗa mini iri uku: wadda aka cire wa gashi ba a jeme ba, wadda ta sha bagaruwa ta yi ruwan ƙasa, da ja wadda aka rina da karan dafi. Ya nuna mini da yatsa cewa ƙwayar wuya da ta gadon baya ta fi kauri, ta ciki kuwa sumul take. Ba don shi ba da tsakiyar fatar kawai zan ɗauka in taho. Na ba shi na goro, ya ce in an buga hoton in kawo ya gani ko fatar tasa ta yi amfani.

A gida na gane jar fatar tana da ƙarfi fiye da kima. Duk abin da ta hau sai ya zama ja, har idon dabba. Hanyar da na bi ita ce in raba kaushi da launi. Na yi kwafi biyu na shafen. Na farko na cire masa launi gaba ɗaya, na gyara haskensa har matsakaicinsa ya zauna a toka-toka, na sa shi a Superposer, sai ƙwayar fata ta fito ba tare da ta rina komai ba. Na biyu na dusashe shi har ba a ganin ƙwaya sai ja zalla, na sa shi a Lumière douce da ƙarfin kashi 25. Yanzu ina iya ƙara ɗaya in rage ɗaya yadda na ga dama. Wannan dabarar ita ce mafi amfani da na samu tun da na fara.

Bushiya na ɗora a kai. Ƙayar jikinta da ƙwayar fatar sun yi ta kokawa, ido bai san inda zai sauka ba. Na cire ta na sa kurege, wanda gashinsa kwance yake, sai abin ya zauna. Dabba mai ado da yawa shafe mai shiru take so.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Ga mai ɗaukar shafe wannan asara ce, don ba inuwa. Ga tsuntsaye kuwa riba ce. Na je tafkin Gidimuni, gabas da Mirya, na samu balbelu a bakin ruwa, bayansu hazo ya shafe dabino da komai ya bar fari-fari mai laushi.

Na dawo na buɗe hoton, na jera masa shafe kala-kala, na zauna ina kallo. Ƙarshenta na rufe su duka. Hazon ya riga ya yi aikin da nake nema, duk abin da na ƙara ragi ne. Zai shiga cikin goma sha biyun haka nan, ba shafe. Wani abokina mai ɗaukar hoton biki ya ce to ai wannan ba ya cikin aikin. Na ce yana ciki, ni ne mai aikin.

Lahadi, 2 ga Fabrairu 2025

Raƙumin dawa ne ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma shi ya sa na kafa sharaɗi na biyu.

Hoton tsoho ne, na ɗauke shi a Kure, kusa da Yamai, a 2019, kafin harin watan Agusta na 2020 ya sa zuwa wurin ya yi wuya. Raƙuman dawan Kure su kaɗai suka rage na irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 an ƙirga 49 kacal. Da kariya da haƙurin manoman da suke cinye wa wake suka haura 600, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maradi don kada ƙwai duka ya zauna a kwando guda. Zanen jikinsu ya fi na raƙuman dawan gabashin Afirka haske, kuma ƙafafunsu daga ƙasa kusan farare ne.

Tunanina shi ne in ɗora shi a kan dutse, saboda sassaƙen Dabus da ke arewa da Agadas, inda mutanen dauri suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita biyar. Duwatsu kuwa ba mu rasa su ba a Damagaram, garin a kansu yake zaune. Na ɗauko fuskar wani dutse mai tsagewa, na sa shi a Superposer. Ya yi kyau ƙwarai. Da na ƙara girman hoton sai na ga tsagar dutsen ta ratsa wuyan dabbar ta raba wani tabo gida biyu, ta kuma haɗe wasu biyu suka zama ɗaya.

Ga mai kallo wannan ba komai ba ne. Amma zanen jikin raƙumin dawa ba ya maimaituwa, kowanne da nasa, kuma da shi masu ƙidaya suke gane su ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaukar hoton gefen dama da na hagu suna ajiyewa. Wanda ke cikin hotona dabba ce takamaimai, mai yiwuwa tana nan da rai tana cin ganyen gawo. In na sauya mata tabo na ƙirƙiri wata da ba ta taɓa rayuwa ba na ce ita ce. Sharaɗi na biyu ke nan: shafe yana da iko a kan sarari da ƙasa da launin yanayi, amma ba shi da iko a kan abin da ake gane dabba da shi. Na bi wuyan da marufi tabo bayan tabo, na bar ƙwayar dutsen ƙanana na kore tsagar. Aikin ya ci dare da yawa.

Ƙanwata ta leƙo ta ce, “Yaya, wa zai sani?” Na ce mata mai ƙirga su zai sani.

Asabar, 22 ga Maris 2025

Azumi ya rage mini gudu, ba na taɓa kwamfuta sai bayan asham. GIMP 3.0 ya fito a wannan wata, kuma babban abin da ya kawo shi ne mutum ya sa tacewa a kan shimfiɗa ya dawo daga baya ya gyara ta ba tare da ya lalata asali ba. Wannan zai sauƙaƙa dabarar raba kaushi da launi. Duk da haka ba zan sauya ba sai na gama, ba a sauya doki a tsakiyar rafi.

Alhamis, 17 ga Afrilu 2025

Tun farko na bar gurbi biyu, ɗaya na mena, wata doguwar barewa, ɗaya na warwaji, wani farin naman dajin hamada mai murɗaɗɗen ƙaho. Su ne darajar dajin jihar nan. Gandun Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, dominsu aka yi shi. Mena har ƙungiyar ƙwallon ƙasa take ɗauke da sunanta, amma abin da ya rage nata a daji duk duniya bai wuce ƴan ɗaruruwa ba. Warwaji ya fi ta shiga uku: binciken da aka yi a watan Maris na 2016, ta sama da ta ƙasa, uku kawai ya gano a yankin.

Ba ni da hoton ko ɗaya, kuma Termit ba wurin da mutum zai hau kabu-kabu ya je ba ne. Hanyoyi uku ne a gabana. In ɗauko hoton wani a intanet in lulluɓe shi da shafe har mai shi ya kasa ganewa, kamar yadda wasu ke yi. Wannan sata ce, shafe ba ya halatta ta. Ko in ce wa manhajar ƙirƙirar hoto ta zana mini, yadda hotunan ƙarya suka cika WhatsApp yanzu, zaki a kan tudun yashi da ƙafa biyar. Wannan ya saɓa sharaɗi na biyu tun daga tushe. Ko in nemi hoto mai lasisin Creative Commons a Wikimedia Commons, wanda halal ne in an ambaci mai shi, kuma in lasisin CC BY-SA ne dole aikina ma ya fita da irin lasisin. Na duba. Yawancin masu kyau a gidajen namun daji na Turai da Amurka aka ɗauke su, dabbar ta yi ƙiba, ƙarƙashinta ciyawa kore shar. Zan iya goge ciyawar in shimfiɗa yashi, mai kallo ya ɗauka Termit ce cike da warwaji. A ganina wannan ƙaryar ta fi sauran muni, domin tana kwantar wa mutane hankali a kan abin da ya kamata ya tayar musu.

Na cire su biyun. A gurbinsu na sa hawainiya a kan baƙin rini na marina, da jimina. Jiminar a Kelle na ɗauke ta, cikin gundumar Gure, inda ake kiwon jimina mai jan wuya don a mayar da ita daji bayan ta ƙare a can. A cikin shinge take, kuma ban goge shingen ba. Na dai rage masa ƙarfi da shafen bango, amma duk mai ido zai gan shi, kuma zan rubuta a ƙasan hoton inda aka ɗauka.

Shafen marina, af, ya ba da mamaki. Ƙyallen da aka buga da bugu yana ƙyalli, kyamara tana ɗaukar ƙyallin a matsayin fari. A Multiplier hoton ya mutu murus. A Écran kuwa duhun shunin ya ɓace, ƙyallin ya rage kamar ƙura mai haske a bayan hawainiyar.

Asabar, 10 ga Mayu 2025

Gwajin bugu. Girman A3 nake so, santimita 29.7 da 42. A ɗigo 300 kowane inci yana bukatar fiksal 3508 da 4961. Shafen da na ɗauka da salula 4000 da 3000 ne, bai kai ba, sai an ja shi. Ga hoton dabba jan nan illa ce, ga shafe kuwa ba ya nunawa sosai, don ba wanda ya san ainihin girman tsagar bango.

Na tura fayil ɗaya Kano ta WhatsApp a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, don in an tura shi hoto manhajar tana matse shi ta zubar da ƙananan bayanai, su ne kuwa shafen. Direba ya kawo bugun jiya. Abu biyu: ya fi na allo duhu, domin allo haske yake fitarwa takarda kuwa karɓa take yi, kuma shunin hawainiya ya karkata zuwa shunayya, don tawadar bugu ba ta kai shuɗin allo zurfi. Takarda mai sheƙi kuma ba ta dace ba sam, bangon ƙasa mai walƙiya abin dariya ne. Zan ƙara haske a wuraren duhu, in rage jan da ke cikin shuɗin, in nemi takarda marar sheƙi.

Asabar, 24 ga Mayu 2025

Bugu na biyu ya yi. Na kai wa dattijon majema kurege, ya riƙe takardar nesa da ido, ya matso da ita, ya shafa da babban yatsa ya ce, “Ta wuya ce wannan.” Ta wuya ce kuwa.

Na so in jera su a zauren kawuna a Birni, inda na ɗauki yawancin bangon. Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, ya yaba, sannan ya ce, “Ɗana, a nan muke salla in an yi ruwa. Hoton mai rai ba zai hau bangon nan ba.” Na ce na ji, Kawu. Ya ce amma in akwai na bangon zalla, ba dabba, in kawo masa guda, domin bayan damina siminti zai sa. Zan buga masa wanda zanen dagi ya fito a gefensa, shi ne wanda ban iya amfani da shi a aikin ba saboda ido yana gane shi.

Goma sun kammala. Saura zabon daji, wanda ɗigon jikinsa ya ƙi jituwa da duk shafen da nake da shi, da ungulu, wadda har yanzu ban samu hoton da ya ishe ni ba, don ta yi ƙaranci a mahauta ba kamar da ba. Ga zabon zan gwada bayan ƙwarya, mai santsi ne. Shafen da na tara kuma na fara jera su a kile ta USB, kowanne da unguwa da ranar ɗauka, in ba wa yaran da ke koyon hoto a gidan matasa su yi aiki da su. Wurin nuni kuwa sai bayan babbar salla zan nema.